Masu cewa suna jin muryar mamata: ta yaya ta san sunan da ake kiransa a gida?

Ummu_Khairat:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai kwana biyu, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu mai ƙarin haske. Mijin yayata ya rasu wata takwas da suka wuce a haɗarin mota, ya bar ta da yara uku. Tun daga ranar ba ta dawo daidai ba. To sai wata ƙawarta ta haɗa ta da wata mata mai cewa tana jin muryar mamata. Ta kiran bidiyo ake zaman, kuma sai an biya kafin a fara. Zama uku Yaya ta yi ban sani ba, a na huɗun ne ta ce in zo in zauna kusa da ita in ji da kunnena.

Da niyyar ƙaryatawa na zauna. Matar ta rufe ido ta yi shiru na ɗan lokaci, sai ta ce ga wani namiji tsaye a gefen Yaya yana cewa a daina kuka, bai ji zafi ba. Wannan bai girgiza ni ba, kowa zai iya faɗa. Amma sai ta kira sunan da mahaifiyarsa kaɗai take kiransa da shi tun yana yaro, sannan ta yi maganar agogon da ya tsaya. Agogon hannunsa yana cikin durowar Yaya, a tsaye tun ranar haɗarin. Sai da tsikar jikina ta tashi. Zuciyata ba ta yarda ba har yanzu, amma na rasa abin da zan ce wa Yaya. Ta yaya ta san waɗannan?

Abu_Mus'ab:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ji ƙansa, ya raya abin da ya bari. 'Yar'uwa, mamaci ba ya dawowa. Duba Suratul Mu'minun aya ta 99 da ta 100, wanda ya mutu yana roƙon a mayar da shi, aka ce a'a, akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. Idan har matar nan tana magana da wani abu, to ƙarini ne, aljanin da yake tare da mutum tsawon rayuwarsa, ya san sunansa ya san sirrinsa. Kuma ki tuna wa yayarki hadisin Muslim, wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ta tsaya haka nan.

Sarkin_Gardama:
Malam Abu Mus'ab, kafin mu ɗora wa aljani laifi mu fara bincikar ɗan Adam, don shi ya fi saurin kamuwa. Ummu Khairat, tambaya uku. A zama ukun da aka yi ba kya nan, me Yaya ta faɗa mata? Ƙawar da ta haɗa su, me ta sani game da mamacin? Sannan a zaman da kika gani, abu nawa matar ta faɗa da bai dace da komai ba? Kin kawo mana biyu da ta ci, ba ki kawo waɗanda ta faɗi ba.

Ummu_Khairat:
Ka kama ni. Wallahi ban ƙirga ba. Na tuna dai ta tambayi wace ce mai suna da harafin H ko A, muka yi ta tunani.

Sarkin_Gardama:
To kin gani. Nuna mini dangin da babu mai H ko A a cikinsu.

Malama_Zulai:
Bari in ƙara a kan abin da Sarkin Gardama ya ce, don na ɗan koyar da wannan a aji. Sana'ar tana da ka'idojinta. Ba sa faɗin magana a miƙe, suna jefa ta ne kamar tambaya: "Ina ganin wani abu a ƙirji, ko kai?" Yawancin mutuwa ai ko ta ƙirji ce ko ta kai. In kin ce eh, ta ci. In kin ce a'a, sai ta ce to wani ne can a dangi ya shigo layi, ta wuce da sauri. Duk lokacin idonta yana kan fuskarki, ƙiftawar ido ko sauyin numfashi ya ishe ta ta gane ta kusa. Ke da kanki kike cika mata guraben, daga baya ki tuna kamar ita ta faɗa.

Wani malamin sanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya gwada ɗalibansa 39 a 1948. Ya ce zai ba kowa bayanin halinsa shi kaɗai, ya raba takardu, ya ce su auna yadda bayanin ya dace da su daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya kusa 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya ba kowa, kuma daga wani ɗan littafin taurari da ya saya a wurin masu jarida ya tsinto jimlolin. Waɗannan fa ɗalibai ne masu lafiya, ba wanda aka yi wa rasuwa. Ina ga matar da take kwana tana kuka?

Hajiya_Turai:
Duk ku yi ta lissafinku. Wanda bai binne ɗansa ba bai san abin da ake ji ba. Ni na je sau ɗaya bayan rasuwar ɗana, shekara shida ke nan. Matar ta ce mini ya ce in yafe wa kaina, ba laifina ba ne da ban kai shi asibiti da wuri ba. Ban gaya mata komai ba. A daren nan na yi barcin da na yi wata biyar ban yi ba. Na yi istigfari daga baya, ban sake komawa ba, amma ba zan ce ƙarya ta yi mini ba.

Malama_Zulai:
Allah ya ji ƙansa Hajiya, ya sa mai ceto ne. Ba na raina abin da kika ji ko kaɗan. Abu ɗaya kawai zan ce, kusan duk uwar da ta rasa ɗa tana zargin kanta da jinkiri, kuma su masu wannan aiki sun fi kowa sanin haka. Maganar da ta faɗa miki gaskiya ce, ba laifinki ba ne. Wanda ya aiko da maganar ne muke jayayya a kai.

Ɗan_Laburare:
Ni abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda harkar ta fara a zamanin nan. Ranar 31 ga Maris 1848, a wani ƙauye mai suna Hydesville a jihar New York, wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya, Maggie da Kate Fox, suka ce ana ƙwanƙwasa musu amsa daga wani mamaci. Ɗaya shekararta 14, ɗaya 11. Yayarsu Leah ta ga akwai kuɗi a ciki, ta fara yawo da su gari-gari ana biya ana kallo. Kafin a ce me, abin ya haye Ingila, ya zama kamar addini mai mabiya da yawa. Bayan shekara arba'in, a watan Oktoba 1888, Maggie ta hau dandamali a birnin New York gaban jama'a ta tuɓe takalmi, ta nuna cewa da gaɓar yatsan ƙafarta take yin ƙarar. Ta ce wasa suka fara don su tsorata mahaifiyarsu.

Mai_Nazari77:
Ɗan Laburare, ka ƙarasa labarin mana. Bayan shekara guda ta janye maganar, ta ce talauci ne ya sa, biyanta aka yi ta faɗa.

Ɗan_Laburare:
Haka ne, ta janye a 1889. Amma janyewa ba ta goge abin da mutane suka gani da idonsu ba, an ji ƙarar tana fitowa daga ƙafarta. Ko dai ta yi ƙarya a 1848 ko ta yi a 1888. Duk wadda ka ɗauka, shaidarta ta raunana.

Istifanus_B:
Sannunku. Mu ma a wajenmu an hana. A Littafi Mai Tsarki, Kubawar Shari'a sura 18 ta lissafa mai tuntuɓar matattu cikin abubuwan ƙyama. Sai dai akwai labarin Sarki Saul a 1 Sama'ila sura 28, da ya ɓad da kama ya je wurin wata mata a Endor da dare ya ce ta kira masa Annabi Sama'ila da ya riga ya mutu. Abin da nake lura da shi kullum, matar da kanta ta ƙwalla ihu da ta ga abin da ya fito. Wasu malamanmu suna cewa ihun nan alama ce ba ta saba ganin komai ba. Wasu kuma suna cewa ba Sama'ila ba ne sam. Har yau ba a daidaita ba. Saul dai bai ji daɗin zuwan ba, bai daɗe ba ya mutu a yaƙi.

Baban_Nabil:
Bari in ba ku nawa. Lokacin da matata ta fara sha'awar irin waɗannan, na ce mu gwada ɗaya tare. Ni ba ni da wa namiji, ni ne babba a gidanmu. Sai na ce wa mutumin yayana ya rasu ina son jin ko yana lafiya. Na sunkuyar da kai na yi fuskar tausayi. Ba a yi minti biyar ba sai ga "yayana" ya iso. Wai dogo ne mai son dariya, wai mun taɓa yin saɓani a kan kuɗi amma ya yafe mini, wai yana alfahari da ni. Har muryar mutumin ta riƙa rawa. Matata tana ta danna mini ƙafa a ƙarƙashin tebur don kada in fashe da dariya. Da muka gama na ce masa ba ni da wa. Ko gezau bai yi ba, ya ce wataƙila cikin da mahaifiyata ta yi ɓari ne kafin ni. Malam Abu Mus'ab, wannan ƙarinin wa ya zo?

Abu_Mus'ab:
Hahaha, Baban Nabil ka so ka ƙure ni. Ai babu karo. Hadisin Nana A'isha yana nan a Buhari, an ce wa Annabi (SAW) bokaye sukan faɗi abu ya zama gaskiya, ya ce kalma ɗaya ce ta gaskiya aljani yake fizgowa ya zuba a kunnen abokinsa, sai su cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Naka yana cikin ɗarin. Amma kai ma ka yi kuskure da ka je, ko da gwaji ne, ka tambayi malamai a kan wannan.

Sarkin_Gardama:
Malam, matsalata da bayanin ƙarini ita ce yana ƙara musu kwarjini. Da zarar ka ce wa mutum "aljani ne yake gaya mata", abin da ya ji shi ne "ashe dai tana da wani abu". Sai ya koma a ɓoye. Amma in ka nuna masa cewa shafinsa na Facebook ta karanta, kunya kaɗai ta isa ta hana shi komawa. Kuma aljanun nan da ake ta ba su girma, ba su ne suka yi ta wahalar aiki ba su san Annabi Sulaiman ya rasu ba sai da gara ta cinye sandarsa?

Abu_Mus'ab:
Wannan gaibu ne, ba su san shi ba. Sunan da uwa take kiran ɗanta ba gaibu ba ne ga wanda ya rayu tare da shi. Ka bambance.

Ɗan_Laburare:
Tunda an ambaci Facebook. A 2017 wata mata mai bin diddigin irin waɗannan, Susan Gerbic, ta sa abokan aikinta suka ƙirƙiri shafukan bogi da labaran mutanen da ba a taɓa haifa ba. Ita da wani suka sayi tikitin taron wani sanannen mai wannan sana'a, Thomas John, da sunayen bogin. Da gangan ba a gaya musu duk abin da aka rubuta a shafukan ba, don kada a ce tunaninsu ya karanto. A tsakiyar taro ya kira su ya fara kawo saƙo daga ɗan'uwan tagwaicin matar, wanda babu shi sai a Facebook. Mujallar New York Times ta buga labarin a 2019, shi kuma ya musanta cewa ya yi bincike. Kafin intanet ma haka ake yi. Wani Lamar Keene da ya yi shekaru yana sana'ar ya tuba ya tona asiri a 1976, ya ce suna da katunan bayanan kwastomomi da suke musayarsu a tsakaninsu, ka je wurin wannan a wani gari, gobe wancan ya riga ya san sunan kakarka.

Mai_Nazari77:
Kada dai a yi musu kuɗin goro. Ba duka ne 'yan damfara ba, wasu da gaske suna jin murya kuma sun yarda da abin da suke ji. Sannan manyan masana sun tsaya a kan abin. William James na Jami'ar Harvard ya yi shekaru yana bin wata mata Leonora Piper, har aka sa masu leƙen asiri su bi ta, ba a kama ta tana tattara bayanai ba. Shi ne ya ce in kana son rusa maganar cewa duk hankaki baƙi ne, fari guda ɗaya ya ishe ka, kuma ita ce farin hankakinsa.

Malama_Zulai:
Na yarda akwai masu yi da zuciya ɗaya. Tun 1853 Michael Faraday ya nuna cewa masu zama su dafa tebur ya riƙa motsi, su ne suke tura shi da hannunsu ba tare da sun sani ba. Mutum yana iya yaudarar kansa kafin ya yaudari wani. Amma Piper ɗin ma, ruhin da ta ce yana magana ta bakinta wai likita ne Bafaranshe mai suna Phinuit, sai ga shi Faransancin nasa bai wuce 'yan kalmomi ba, kuma ba a samu shaidar ya taɓa rayuwa ba. Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na O'Keeffe da Wiseman a Ingila a 2005. Masu jin murya biyar, masu neman saƙo biyar, ba wanda ya ga wani. Aka rubuta saƙonnin aka ba kowa duka ya auna wanda ya fi dacewa da shi. Ba su iya gane nasu ba. Da an cire fuska da amsa, sai abin ya watse.

Yarima_Ash:
Ni tambayata ɗaya ce. Mutum ya taso tun daga lahira, amma harafin farko na sunansa kawai yake iya tunawa? Bai taɓa cewa ga inda na ajiye takardar fili ba, ga wanda nake bi bashi ba. Kullum "ina lafiya, ku daina kuka".

Ɗan_Laburare:
Houdini ma abin da ya tayar masa da hankali ke nan. Shi mai wasan rufa-ido ne, ya san duk dabarun. Mahaifiyarsa ta rasu a 1913, ya so ƙwarai ya ji daga gare ta. A 1922 matar abokinsa Arthur Conan Doyle ta ce za ta karɓo masa saƙo, ta cika shafi 15 da rubutu. Da Turanci tsantsa, alhali tsohuwar ba ta iya Turancin kirki ba, ga kuma gicciye a saman takardar, ita kuwa matar malamin Yahudawa ce. Abotarsu ba ta daɗe ba bayan wannan. Kafin ya mutu a 1926 ya bar wa matarsa Bess kalmomin sirri, ya ce in ana dawowa zai dawo da su. Wani Arthur Ford ya kawo su a 1929, sai aka gano an riga an buga tsarin sirrin a littafin tarihin Houdini shekara guda kafin nan. Bess ta yi ta jira har 1936 ta haƙura.

Saratu_M:
Don Allah a bar tarihi haka a dubi cutarwar. Wata mai wannan sana'a a Amurka, Sylvia Browne, ta gaya wa wata uwa a talabijin a 2004 cewa 'yarta Amanda Berry da ta ɓace ta mutu. Uwar ta rasu a 2006 da wannan baƙin ciki. A 2013 aka samu Amanda da ranta a Cleveland, tsare ta aka yi a wani gida duk shekarun nan. Sylvia Browne ɗin ce kuma ta amsa a bainar jama'a cewa za ta shiga gwajin James Randi mai kyautar dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya tabbatar yana da irin wannan baiwa, ba ta taɓa zuwa ba. Har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ci.

Maman_Ikram:
Ni kun sa ni cikin ruɗu. Ina yawan mafarkin mahaifiyata, wani lokaci ma ina cikin aiki sai in ji kamar tana bayana. Shi ma duk ƙarya ne ke nan?

Malama_Zulai:
A'a Maman Ikram, wannan daban. Wani likita a yankin Wales, Dewi Rees, ya tambayi mata da maza 293 da abokan zamansu suka rasu, ya buga sakamakon a 1971. Kusan rabinsu sun ce sukan ji kamar mamacin yana kusa, wasu har gani ko jin murya, kuma yawancinsu sun ce abin yana sanyaya musu rai. Ba ciwo ba ne, kuma ba wanda ya karɓi kuɗinki a kai. Ki yi mata addu'a duk lokacin da ta faɗo miki.

Ummu_Khairat:
Na dawo. Ashe Yaya tana naɗar zaman a wayarta don ta riƙa saurara da dare. Na roƙe ta ta turo mini, na zauna da biro da takarda kamar yadda Sarkin Gardama ya sa ni. Maganar agogo: matar ba ta ce agogo ba. Cewa ta yi "yana nuna mini wani abu nasa da kika ajiye, ƙarami, mai ƙarfe, kamar zobe ko makulli". Yaya ce ta ce "agogonsa?" cikin kuka, ita kuma ta ce "eh, shi ne, ya ce ya tsaya ko?" Na saurari wurin sau huɗu don ban yarda da kunnena ba. Ni da nake zaune a wurin na rantse ita ta fara faɗa. Sunan kuma na same shi. Ƙanwar mahaifiyarsa ta rubuta shi a ƙarƙashin hoton ta'aziyya a Facebook, kowa yana iya gani. A can ƙasan shafin matar kuma da ƙananan haruffa an rubuta wai don nishaɗi ne kawai.

Amma akwai ɗaya da ban samu bakin zarensa ba. Ta ce yana da tabo a ƙafar hagu tun yarinta, kuma yana da shi. Na duba hotuna ban ga inda ya fito ba.

Sarkin_Gardama:
Zama uku na farko fa? Akwai naɗinsu? Sannan yara nawa ne suka girma ba tabo a ƙafa?

Ummu_Khairat:
Biyu kawai ta naɗa, na farkon babu. Yaya ta ce ba ta tuna ta yi mata maganar tabo ba.

Hajiya_Turai:
Kin nuna mata abin da kika gano?

Ummu_Khairat:
Na nuna mata na sunan kawai. Ta yi shiru, can ta ce "ke ko wannan ɗin ma sai kin ƙwace mini?" Ta shige ɗaki. Tun jiya ba ta ɗaga wayata.

Hajiya_Turai:
Abin da na ji tsoro ke nan. 'Yata, wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kada ki sake kai mata hujja yanzu. Ki je ki zauna da ita, ki ja ta da hirarsa, ki kira sunansa. Bayan wata takwas kowa ya daina ambatonsa don kada a fama mata ciwo, matar can ce kaɗai ta rage mai yi mata maganarsa awa guda cur.

Abu_Mus'ab:
Hajiya ta yi gaskiya a nan, amma kada lallashi ya sa a bar ta tana komawa. A samu wani babba da take jin nauyinsa.

Mai_Nazari77:
Ni dai har yanzu tabon nan yana raina.

Baban_Nabil:
Ummu Khairat, yaushe ne zama na biyar, kuma ta riga ta biya?

Ummu_Khairat:
Ranar Asabar. Ta biya tun makon jiya. Gobe da safe zan je gidan in ɗauki yaran su yini a wurina, in ga ko za ta buɗe mini ƙofa.